Fiffiken da ya kulle Hedimasta

Duk wanda ka tambaya labarin Mai Fanka, abu ɗaya zai fara gaya maka, yana dariya tun bai kai ƙarshe ba: ai shi ne mutumin da injinsa na iska ya kulle yayansa a bayan gida. Ba mai ce maka shi ne ya yi shekara talatin da biyu yana naɗin wayar fankoki ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ba mai ce maka shi ne ya kunna fitila a kan tudun da ko sandar lantarki ɗaya ba a taɓa kafawa ba. A'a, bayan gida. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa da hasken idonsa a kan sana'a, a ƙarshe a tattara shi kaf a jingina da ƙofar kwano guda. Abin yana ci masa rai, kuma yana da gaskiya.

Yadda mutane ke faɗar labarin, gajere ne. Hadari ya taso da rana tsaka, injin ya haukace, fiffike ɗaya ya ɓalle ya yi sama, ya dawo ya soki ƙasa daidai ƙofar bayan gida ya tokare ta. Yayansa, tsohon hedimasta, yana ciki. Minti arba'in yana dukan ƙofa, ruwa na zubar masa ta inda iska ta yaye rufi, ƙanin kuwa yana can yana fama da injinsa. Duk wannan an yi. Abin da ba a faɗa shi ne wanda ya jawo.

Shagon Mai Fanka a gari bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Matattun fankoki rataye a rufi, fitila ɗaya a kan teburi, warin ƙonanniyar waya ya kama bango har ya zama na gida. Ka kawo masa fanka, kafin ya kwance sai ya sunsuna, ya ce maka ga inda ta ƙone. In yana naɗi yana ƙirga zagayen waya da leɓe, ko wa ya yi sallama sai dai ya ɗaga masa gira, don kada lissafi ya kuɓuce. Shi ya sa wasu ke cewa yana da girman kai. Ba shi da shi. Zagaye ɗari biyu da goma ne a bakinsa, ba wurin gaisuwa.

Ƙirjin matarsa ne ya fitar da su daga gari. Hayaƙin motoci ya hana ta numfashi, likita ya ce a nema mata wuri mai iska. Tana da gadon wani fili a kan tudu, tafiyar awa biyu a kan muguwar hanya, da ɗaki biyu na kwano da rijiya. Iska kuwa, likita ya ce a nema, sai aka samu har da ƙari. Ranar da suka sauka, kafin a gama sauke katifa ta ɗauke masa hula ta kai ta bayan rijiya. Ya tsaya yana kallon hular tana birgima, ya ce wa matarsa, "Shekara talatin ina ba fanka wuta tana ba ni iska. Bari in juya abin in gani."

Wata biyar ya yi yana juyawa. Ya naɗa dunƙulen waya tara da hannunsa, ya jera maganaɗisu goma sha biyu a kan faifan ƙarfe, har ɗaya ya matse masa farce ya yi baƙi ya fita. Ya samo kan tayar wata matacciyar mota da boris ɗinta, ya fafe fukafukai uku daga busasshen katako. Ranar da zai daidaita nauyinsu, ya rataye su da zare a tsakar ɗaki, ya rufe taga, ya hana matarsa ko atishawa har suka tsaya cak. Sandar da ke ɗauke da injin ta bututun ƙarfe ce, ya yi mata gwiwa a gindi yadda za a iya kwantar da ita a yi gyara a ƙasa, don ya ce shi ba zai hau sama da shekarunsa ba. Ya ɗaure ta da waya huɗu, ya binne wayar ƙasa saboda tsawa, ya yi wa injin wutsiya mai lanƙwashewa, wadda in iska ta yi yawa take kautar da fuskarsa gefe. Aka samu fitila, aka samu firji, aka samu famfon da ke jawo ruwa daga rijiya, matarsa ta daina jan guga tana haki.

Akwai abu ɗaya da dole a gane, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Injin iska ba fanka ba ne. Fanka in ka kashe ta sai ta tsaya. Shi kuwa nauyin abin da yake ciyarwa ne ke riƙe da shi. Ka raba shi da batir ana iska, ka cire wa mota giya ne a gangara. Shi ya sa Mai Fanka ya sa hita a cikin duron ruwa: in batir ya cika, rarar wutar ta tafi can, injin bai taɓa zama hannu sake ba. Gidan nan ba a rasa ruwan zafi, ko kana so ko ba ka so. In ana son tsayar da shi, akwai ɗan makunnin birki a bayan batir. Sai kuma wani babban makunni mai baƙin hannu a bakin ƙofa, wanda ke raba injin da komai, na ranar canza batir ne bayan an taka birki. A samansa ya kafa gwangwani ya rubuta da jan fenti: KADA A KASHE WANNAN, KO DA ANA HADARI.

Shekara biyu injin yana juyawa lafiya lau, sai Hedimasta ya zo ziyara.

Hedimasta ya girme shi da shekara tara. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kama hannunsa ya kai shi wurin koyon sana'a, kuma har yau, ƙanin na da furfura da jikoki shida, Auta yake kiransa. Ya zagaya gidan hannu a baya, kamar ya shigo aji. Ya ɗaga kai ya dubi injin, ya dubi duron ruwa, ya tsaya a gaban gwangwanin ya karanta a fili.

"Auta, wa ya koya maka wannan?"

"Yaya, shi wannan injin in aka..."

"Shekara talatin da biyar ina gaya wa yara, hadari ya taso a kashe kayan wuta. Kai ka rubuta akasinsa, har da jan fenti."

"Ai in ka bari in yi maka bayani..."

"Na ji. Ina ruwan wanke hannu?"

Bayan an ci abinci sama ta haɗe. Mai Fanka ya gangara kwari ya koro awaki. Yana can ya ji sautin injin ya canza, daga shuu da ya saba zuwa wani irin kuka mai tsini da bai taɓa ji ba. Ya saki igiya ya hau tudun da gudu, mutumin da rabonsa da gudu tun yana saurayi. Kafin ya kai, ya ji ƙara kamar an fasa katako da gatari. Fiffike ya tafi. Ya faɗa ɗaki, ya ga baƙin hannun nan an ja shi ƙasa. Ya mayar, ya taka birki, birkin ya ƙi kamawa, don injin ya riga ya wuce inda birki ke jin magana.

A nan ne ya ji dukan ƙofa da muryar yayansa. Ya duba ya ga fiffiken tsaye a ƙofar bayan gida, ya duba sama ya ga injin na juyi da fiffike biyu, sandar na rawa, waya ɗaya ta fara tumɓuke turkenta. In sandar ta faɗi, a kan bayan gidan za ta faɗi. Ya ce da matarsa ta shige ɗaki kada ta fito, ya kama igiyar kwantarwa, ya dinga sassautawa taki ɗaya ɗaya, ruwa na dukansa, tafin hannunsa na salewa, har wutsiya ta taɓa ƙasa injin ya yi shiru. Sannan ya ɗauko diga ya tono fiffiken.

Hedimasta ya fito jiƙe sharkaf, buta a hannu. Kalmar farko da ya yi ita ce, "Ka zaɓi inji a kan ɗan'uwanka."

Kafin mako ya zagayo labarin ya gama dangi, kuma daga bakin Hedimasta ya fita, shi ne wanda aka zalunta. Ya ba da shi a wurin aski, ya ba da shi a waya, kowace faɗa minti arba'in ɗin na ƙaruwa. Batun baƙin hannu kuwa bai taɓa shiga ciki ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, a ganinsa ba wani abin faɗa ba ne. Wa ke ba da labarin ya rufe taga da aka fara ruwa?

Sai babbar 'yar Mai Fanka ta kira. Ma'aikaciyar jinya ce, ta saba ganin abin da ƙarfe ke yi wa mutane, ba ta wasa da irin wannan.

"Baba, da Mama ce a tsakar gidan fa? Da jikokinka ne?"

"Uwata, ki tsaya ki ji..."

"Ƙarshen wata zan zo da mota. A sauke abin nan, ku dawo gari. Na gyara muku ɗakin baya."

Ya san ɗakin baya. Tagarsa na kallon wurin da maƙwabci ke tayar da janareta. Ya kuma san in aka sauke injin babu famfo, babu firji, babu zaman tudu, matarsa za ta koma tarin da ta baro. Ya ajiye wayar ya fita ya zagaya rijiya sau uku yana magana shi kaɗai.

"Ka gaya mata mana," in ji matarsa. "Da idona na ga yayanka ya ja baƙin hannun nan. Har da gyara tsayuwa."

"In ce me? In ce yayana ya karanta ya ƙi ji?"

"To ƙarya ne?"

"Ya karanta fa! Da bai iya karatu ba ne sai in yi haƙuri. Mutumin da ya koya wa rabin gari karatu! A fili ya karanta, ina tsaye!"

"Ni kake wa ihu? Ga waya nan."

Bai ɗauka ba. Mutumin da ya goya ka a kafaɗa ya kai ka asibiti kana shekara shida, ba ka tsayar da shi gaban 'yarka ka ce shi ne ya yi wauta. Ya kuma hana matarsa faɗa. Ta ce to, da irin to ɗin da ya san ba a gama ba.

Haushin sai ya koma kan aiki. Ya fafe sababbin fukafukai uku, don ba a haɗa sabo da tsoho. Yana fiƙa yana mita. Amma a kwana na huɗu, yana goge katako, ya tsaya ya daɗe yana kallon baƙin hannun, abin da ya fi komai ɓata masa rai ya zo masa: shi ma yana da kaso. Ya kafa makunni mafi haɗari a gidan a bakin ƙofa, daidai hannun kowa, da babban mariƙi mai kiran a ja shi, sannan ya sa gwangwani ya yi gadi. Birkin kuwa ya ɓoye shi a bayan batir inda sai ka durƙusa. Kowane mai hankali da ya ga hadari zai nemi abin kashewa. Yau yayansa ne, gobe baƙo ne, jibi ita kanta 'yar tasa.

Sai ya musanya su. Babban hannun bakin ƙofa ya zama birki: ka ja shi ƙasa, wayoyin injin uku su haɗe, ya yi nauyi ya tsaya. Mai rabawar ya mayar da shi cikin akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo, makulli a wuyansa. Ya rage wa wutsiya nauyi don ta riƙa kaucewa da wuri. Ya tumɓuke turakun ya sake kafa sandar taki sittin daga kowane gini, har da bayan gida, wanda a lissafin farko bai sa shi cikin wuraren da mutum ke zama ba. Gwangwanin ya cire ya jefa a kwandon ƙusoshi.

Ƙarshen wata 'yar ta zo, da motar kwasar kaya a bayanta, da Hedimasta a gidan gaba a matsayin shaida. Hedimasta ya ce shi ba zai matsa kusa da abin nan ba, aka sa masa kujera a inuwar ɗaki. Mai Fanka ya roƙi 'yarsa minti goma kafin a fara ɗaure kaya. Ya kai ta gindin sandar, ya nuna mata gwiwa da wayoyi da wutsiya, ya kai ta wurin duro ta taɓa ruwan, ya yi mata bayanin mota da gangara. Ta saurara da kyau, don ita ba ta gaji kunnen baffanta ba.

"To na gane. In ba a raba shi da batir ba, ba ya haukacewa. Ranar nan, me ya raba shi?"

"An samu kuskure."

"Wane irin kuskure, Baba?"

"Na gida."

"Baba, ni marar lafiya in ya ce mini an samu kuskure, ba na sallamarsa."

Ya dubi takalminsa. Ta juya ta ce wa direba ya fara da katifa.

Iskar yamma ta tudun nan ba ta saɓa lokaci. Ta taso, wanki ya fara kaɗawa a igiya, injin ya ɗauki shuu ɗinsa. Matar Mai Fanka ta fito da tire, ta ajiye wa Hedimasta ruwa, ta dubi sama, ta ce da murya yadda kowa zai ji, "Oh, ga gari ya fara haɗewa, shi kuma yana can yana surutu, komai a kunne."

Gajimaren da ke sama bai kai tafin hannu ba. Amma Hedimasta ya miƙe.

"Kin gani ko?" ya ce wa 'yar ƙaninsa. "Sakacin da nake faɗa ke nan. Ranar ma haka ya bar shi, sai da ni na tashi na kashe da hannuna. Har wani allo ya kafa wai kada a kashe." Ya taka zuwa bakin ƙofa, ya gyara tsayuwa, ya ja baƙin hannun ƙasa.

Injin ya yi wani gurnani, fukafukan suka rage gudu, suka koma ana iya ƙirga su, suka tsaya.

"Ato," in ji Hedimasta, yana kakkaɓe hannu. "Abu mai sauƙi."

'Yar ta dubi baffanta. Ta dubi baƙin hannun. Ta juya a hankali ta dubi mahaifinta. Shi kuwa ya girgiza mata kai kaɗan, sau ɗaya, kamar ɗaga girar da yake yi wa mai sallama in yana tsakiyar ƙirga. Uwar tana can tana ninke wanki kamar ba ita ba.

"Baffa," ta ce daga ƙarshe, "ranar kai ka kashe?"

"Da wa zai kashe? Da ban kashe ba ai da gidan gaba ɗaya ya tashi."

"Sannu da ƙoƙari, Baffa."

Ta je ta ce wa direba ya mayar da katifa. Ta sa mahaifinta ya sake birkin ya sake takawa sau uku tana kallo, ta sa uwarta ma ta ja da hannunta, ta karɓi alkawarin duk ranar da jikoki suka zo ba mai wasa a gindin sandar. Da za ta shiga mota ta rage murya ta ce, "Baba, da ka faɗa mini."

"Yayana ne."

"Ni kuma 'yarka ce. Wata guda ban yi barcin kirki ba."

Har yau yana jin nauyinta a kan wannan.

Suna nan a tudun. Injin na shekara ta biyar, matarsa na hawa gangaren rijiya ba ta tsayawa hutu. Sai dai kada a ɗauka an wanke Mai Fanka. Ita 'yar ta riƙe bakinta kamar yadda ya roƙa, labarin gari bai canza ba, sai ma ƙari da aka samu: yanzu Hedimasta na faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa shi ya je har tudun ya nuna wa Auta yadda ake tsayar da injin, a gaban shaidu, har aka cire allon. In wannan ya dawo kunnen Mai Fanka, sai ya tashi ya je ya zagaya rijiya.

Kwanan baya ya shigo gari sayen man boris, ya bi ta layin tsohon shagonsa. Mai walda na maƙwabta ya hango shi ya ɗaga gilashin fuska.

"A'a, Mai Fanka! Bana wa za a kulle? Ka faɗa mana mu riƙa shiga da kujera."

Layin ya kwashe da dariya, har da mai facin da bai san kan labarin ba. Mai walda ya ƙara, "Tsakani da Allah, minti arba'in? Yayanka guda yana kira kana ji?"

Mai Fanka ya karɓi gwangwanin mansa, ya juya shi ya duba murfin, ya sa a jaka.

"Ina ji mana," ya ce. "Shekara sittin in yana magana sai in ajiye abin da ke hannuna in tsaya. Ranar ce kaɗai yana magana ina aikina, shi ya sa ma yake da rai."